Ruwan Goronyo da Aljihun Sakkwato

Wanda yake son ya san lafiyar kasuwar Sakkwato ya fara duba madatsar ruwa ta Goronyo. An kammala gina ta a kan Gulbin Rima a 1984, tana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942 idan ta cika. Daga nan ake sako ruwan da famfunan birnin ke sha, da shi kuma manoman rani na fadamun Goronyo da Wurno ke shayar da shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama.

Sau biyu cikin shekara takwas madatsar ta nuna abin da sauyin yanayi ke iya yi. A Satumbar 2010 aka tafka ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ta cika har sai da aka buɗe ƙofofinta. Ruwa ya shafe ƙauyuka da gonaki ana gab da girbi, ya gangara Sakkwato ya karya gadar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da gari. Karatu ya tsaya, cinikin 'yan kabu-kabu da masu abinci da ke rayuwa da ɗalibai ya tsaya tare da shi. A farkon 2018 kuma sai akasin haka: bayan damina mai rauni ruwan ya ja baya, abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba.

Asarar ambaliya kowa na ganinta, ta ƙarancin ruwa ce ke cin aljihu a ɓoye. Idan famfo ya ƙafe, magidanci ya koma hannun 'yan ga-ruwa, kuɗin cefane ya tafi jarka. Mai wanki da mai buga bulo da mai gidan burodi duk su ƙara farashi. A fadama kuwa manomi ya koma tono rijiya da injin ban-ruwa, ga tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023. Wannan kuɗin ba a gona yake tsayawa ba, yana biyo buhun albasa har kasuwar Ramin Kura da ke Sakkwato. Wanda noma ya gagara, sai ya shigo birni neman dako ko acaba, inda masu neman suka riga suka fi aikin yawa.

Amma a ganina ɗora wa yanayi laifin duka sauƙaƙa wa hukuma ne. Sare itatuwa a yankunan da rafukan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ke ratsowa ya sa ruwa na kwaso yashi yana jibgewa a cikin madatsar. Cikinta na cikewa da ƙasa, don haka take saurin tumbatsa da damina, take saurin ƙafewa da rani. Yashe ta aikin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ne, ba aikin gajimare ba. Haka madatsar Lugu, wadda noman ranin Wurno ya dogara da ita, ta shafe shekaru ba a gyara ta ba bayan ambaliya ta fasa ta.

Ga kuma 'yan bindiga, da suka hana manoman Rabah da Goronyo da dama zuwa gonakin tudu masu nisa. Jama'a sun ƙara matsuwa a bakin gulbi, daidai inda ambaliya ke fara ci, kuma hatsin da suke kawo wa Sakkwato ya ragu.