Yahudawan Holan da Gwagwarmayar Ɓoye a Zamanin Mamayar Jamus

Sojojin Jamus sun auka wa Holan ranar 10 ga Mayu 1940, cikin kwana biyar sojojin ƙasar suka miƙa wuya. A lokacin akwai Yahudawa kimanin 140,000 a ƙasar, fiye da rabinsu a Amsterdam. An kwashi wajen 107,000 zuwa sansanonin gwale-gwale, waɗanda suka dawo da rai 5,000 ne da 'yar ɗoriya. Girman wannan asara ya sa aka daɗe ana ɗauka cewa Yahudawan hannu suka naɗe. Ba haka abin yake ba.

A titi turjiyar ta fara. A Fabrairu 1941 'yan dabar jam'iyyar NSB, 'yan koren Nazi, suka riƙa shiga unguwar Yahudawa ta Amsterdam suna fasa shaguna suna dukan mutane. Samarin unguwar, ciki har da 'yan dambe, suka haɗa kai suka tare su, har wani ɗan daba, Hendrik Koot, ya mutu sakamakon raunin da ya samu ranar 11 ga wata. Ranar 19 'yan sandan Jamus suka kutsa shagon askirim na Koco, aka fesa musu ammoniya. Aka harbe Ernst Cahn, ɗaya daga masu shagon, ranar 3 ga Maris. Tun kafin nan Jamusawa sun kama maza Yahudawa fiye da 400 don ramuwa, abin da ya jawo yajin aikin gama-gari na 25 ga Fabrairu.

Wani aikin ceton rai kuwa a gaban idon masu gadi aka yi shi. A gidan wasan Hollandsche Schouwburg ake tara waɗanda za a tura sansanin Westerbork, yaransu kuma a gidan renon da ke tsallaken titi, ƙarƙashin Henriëtte Pimentel. Walter Süskind, wanda aka damƙa wa kula da gidan wasan, yakan zare katin yaro daga rajista bayan an nemi yardar iyayensa. Ma'aikatan reno su fitar da jariri cikin jaka ko kwando, wani lokaci su jira taragon cikin gari ya gitta ya tare wa mai gadi gani. Wasu yaran ta shingen makarantar horon malamai ta Johan van Hulst aka miƙa su. Kimanin yara 600 suka tsira. Pimentel a Auschwitz aka kashe ta a 1943, Süskind ma bai ga ƙarshen yaƙin ba.

Joachim Simon kuma, tare da malami Joop Westerweel wanda ba Bayahude ba ne, ya nema wa matasan Yahudawa hanyar sulalewa ta Beljiyam da Faransa. Ya mutu a kurkukun Breda a Janairu 1943. Sai a 1988 aka kafa wa Yahudawa 'yan gwagwarmaya dutsen tunawa a bakin kogin Amstel.