Ɗaura Taya Mai Tafiya Ba Iska a kan Wili na Yau da Kullum

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1888 da John Boyd Dunlop ya fito da tayar da ake hura wa iska, matsala guda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, watau ita iskar ce ke ɗauke da nauyin mota, da zarar ta fice kuwa tafiya ta tsaya. Don magance wannan ne masana'antu suka ƙera tayar da ke ci gaba da tafiya ko da ta sace. Abin da za a duba a wannan lacca shi ne ko ya dace mai mota ya sayi irin wannan taya ya ɗaura a kan wilin da motarsa ta zo da shi.

Ire-iren tayar

Dabarun da aka bi iri biyu ne. Na farko shi ne wanda taya da wili suke tafiya tare kamar ɗanjuma da ɗanjummai. Misalinsa Denovo ta kamfanin Dunlop, wadda ta fito a Ingila a 1973, da kuma PAX ta kamfanin Michelin na Faransa, wadda ke da wani zobe a cikin wili da tayar ke kwantawa a kansa idan iska ta fita. Waɗannan ba sa hawa kowane wili sai nasu, tsada da wuyar gyara kuwa suka sa aka daina yin su.

Na biyu, wanda ya cika kasuwa, shi ne tayar da aka ƙara wa kaurin roba mai jure zafi a gefunanta biyu, ta yadda gefunan za su tallafi mota in babu iska. Ana gane ta da haruffan da ke jikinta, kamar RFT ko SSR ko ZP ko RSC. Ƙa'idar da akasarin masu ƙera ta suka gindaya ita ce tafiyar da ba ta wuce kilomita 80 ba, da gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba. Wannan nisa bai kai matafiyi daga Kano zuwa Zariya ba. Ashe ke nan an yi ta ne don ta fitar da mutum daga daji ko tsakiyar titi zuwa wurin gyara.

Batun wili

Galibin tayoyin kashi na biyu suna shiga wili na yau da kullum in dai lambar girmansu ta zo ɗaya. Amma shiga daban, zama daram daban. Kowace taya tana da leɓe mai wayar ƙarfe a ciki, wanda ƙarfin iska ke dannawa a jikin bakin wili. A bayan leɓen akwai wani ɗan tudu da ya kewaye wilin, wanda ke hana shi zamewa cikin kwarin da ke tsakiya. Muddin akwai iska aikin tudun kaɗan ne, amma in ta fice shi kaɗai ya rage. Saboda haka ne kamfanoni irin su BMW na Jamus suke amfani da wili mai lamba EH2, wanda aka gyara tudunsa don ya ƙara riƙe leɓen. A kan wilin da ba shi da wannan gyara, tayar da ta sace ta fi saurin suɓucewa idan aka sha kwana da gudu.

Na'urar gargaɗi

Wannan shi ne sharaɗin da ya fi kowane muhimmanci. Taya ta yau da kullum in ta yi faci takan kwanta, sitiyari ya yi nauyi, direba ya tsaya tilas. Ita kuwa wannan ɓoye ciwonta take yi. Direba na iya ci gaba da sharara gudu bai san kome ba, gefunan suna lanƙwasa suna ɗaukar zafi, har robar ta ruguje daga ciki. Don haka ba a yarda a ɗaura ta ba sai a motar da ke da na'urar da ke kunna fitila a gaban direba idan iska ta ragu. Amurka ta wajabta wannan na'ura a sababbin ƙananan motoci daga 2007, Tarayyar Turai kuma daga 2014. Ko DriveGuard, wadda kamfanin Bridgestone ya fitar a 2014 musamman don motocin da ba su zo da irin wannan taya ba, da wannan sharaɗi aka sayar da ita.

Sauran abubuwan lura

Da yake gefen tayar ba ya da laushi, girgizar da ya kamata ta shanye sai ta wuce zuwa shokozoba da jikin mota, musamman a hanya mai ramuka, domin motocin da suka zo da ita tun asali an daidaita ƙafafunsu da taurinta. Haka nan ɗaura ta na bukatar inji. Mai faci da ke ɓamɓare taya da ƙarfe da guduma na iya yaga leɓen ko ya fasa na'urar da ke jikin bawul. Ba a kuma haɗa ta da taya ta yau da kullum, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Bayan haka, masu ƙera ta da dama sun hana a yi mata faci in an riga an yi tafiya a kanta ba iska, saboda ɓarnar da zafi ya yi ba ta bayyana a ido.

Kammalawa

Wanda motarsa ke da na'urar gargaɗi mai aiki, ya kuma tabbatar daga littafin motar da bayanin masu tayar cewa wilinsa ya dace, yana iya sauya duka huɗun, ya kiyaye ƙa'idar nisa da gudu. Wanda ba shi da na'urar kuwa, taya mai kyau ta yau da kullum da safaya mai iska da jak su ne suka fi masa aminci. Dalibi ko ma'aikacin da ya sayi motar da aka yi amfani da ita a Turai, ya kamata ya karanta haruffan jikin tayoyinta ya kuma buɗe but ya duba kafin ya kama doguwar hanya, domin da yawa daga masu wannan taya ba a yi musu wurin ajiye safaya ba.