Hoton da ke koyarwa, ba na ado ba

'Yan uwa masu kiwo, da na fara koyar da kiwon kaji ta WhatsApp, hotunan manyan gonakin Turai nake kwasowa daga intanet. Ga kyau, amma ba darasi. Har sanyi ya kashe wa wani ɗalibina 'yan tsaki, don ban taɓa nuna masa alamar ba.

Yanzu da wayata nake ɗauka a ɗakin kajina, da hasken safe. Hoto uku sun wadatar: sun cunkushe jikin murhu, sanyi ke nan, sun gudu jikin bango suna haki, zafi ne, sun bazu suna cin abinci, to ɗumin ya yi daidai.

Bidiyo kuwa kar ya wuce minti ɗaya, data akwai tsada. Ko sisi ban kashe ba.