WA KE DA IKON TUƁE SHUGABAN MAJALISA?

Mutanen Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, wakili ɗaya su ke aikawa Majalisar Wakilai ta Tarayya. Wanda suka fara aikawa a 2003, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, shi 'yan majalisa suka zaɓa Shugabansu ran 6 ga Yuni 2011 da ƙuri'a 252, ko da ya ke ba shi jam'iyyarsa ta PDP ta tsayar ba. A kansa aka yi wata gardamar shari'a wadda mu ke so malamai da akawuna su nazarta, don ta nuna inda ikon Gwamnati ya tsaya, da inda na Majalisa ya tsaya.

Ran 28 ga Oktoba 2014 ya shaida wa Majalisa ya bar PDP, watau jam'iyyar Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan, ya koma APC. Bayan kwana biyu Sufeto Janar na 'yan sanda, Suleiman Abba, ya janye masu tsaronsa. Hujjarsa ita ce sashe na 68(1)(g) na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata. Wanda ba shi da kujera kuwa ba ya zama Shugaba.

Ran 20 ga Nuwamba aka kira Majalisa ta duba roƙon Shugaban Ƙasa na ƙara wa'adin dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, gama sashe na 305 bai yarda a ƙara ba sai da yardarta. Da Shugaban Majalisa ya iso, sai ya tarar 'yan sanda sun kulle ƙofa. Aka harba barkonon tsohuwa, waɗansu wakilai suka haura ƙofar ƙarfe kafin su shiga. Shugaban Majalisar Dattawa, David Mark, ya rufe Majalisa na 'yan kwanaki. Ƙarin wa'adin kuwa bai samu ba.

To, ina gaskiya ta ke? Mu a ganinmu Sufeto Janar ya karanta rabin doka ya bar rabi. Sashe na 50 ya ce in za a tuɓe Shugaban Majalisa, sai kashi biyu cikin uku na wakilai sun yarda, watau mutum 240 cikin 360. Sashe na 68(2) ya ce Shugaban Majalisa ne zai zartar da faɗuwar kujera, bayan an kawo shaidar da ta gamsar da Majalisa. In aka yi jayayya, Babbar Kotun Tarayya ke yanke hukunci. Ba inda aka ambaci ɗan sanda. Aikinsa shi ne zartar da abin da alƙali ya yanke, ba fassara doka ba. Dalili a fili ya ke: 'yan sanda a ƙarƙashin Shugaban Ƙasa su ke. In su ne za su faɗi wanda zai shiga Majalisa, ashe wanda a ke bincike shi ke zaɓen masu bincikensa.

Wannan gardama ba sabuwa ba ce. A Ingila, cikin 1642, Sarki Charles na Ɗaya ya shiga Majalisar Wakilai da dakaru zai kama mutum biyar, Shugabanta William Lenthall ya ƙi nuna masa inda su ke. Tun daga ran nan ba Sarkin Ingila da ya sake taka zauren sa'ad da Majalisa ke zama.

Amma kada mai karatu ya zaci Majalisa ba ta da linzami. Akwai giɓi a dokar, gama in Shugaban Majalisa da kansa ya sauya jam'iyya, shi a ke jira ya zartar wa kansa hukunci, wanzami kuwa ba ya son jarfa. Shi ya sa kotu ta zama tilas. A 2015 Kotun Ƙoli ta duba ƙarar Ifedayo Abegunde, wakili daga Jihar Ondo wanda ya bar jam'iyyar Labour, ta ce rigimar reshen jiha ba ta isa hujja ba, sai rabuwar da ta taɓa shugabancin jam'iyya na ƙasa. Ya rasa kujerarsa. Ke nan dokar da Sufeto Janar ya kafa hujja da ita tana da haƙora, sai dai ba a bakinsa su ke ba.

Alhaji Aminu ya ci gaba da shugabancin Majalisa har aka rantsar da shi Gwamnan Sakkwato ran 29 ga Mayu 2015. Abin da mu ke roƙon malamai su koya wa almajiransu shi ne, kujerar nan ba ta wakili ba ce, ba kuma ta Gwamnati ba. Ta manoman Tambuwal da Kebbe ce da suka yi layi suka jefa ƙuri'a. In za a karɓe ta, a bi ta ƙofar da doka ta buɗe, ba a kulle ƙofar Majalisa ba.