Yaron da lissafi ke yi wa wuya: tun daga gida ake ɗora tushe

Duk watan Oktoba yara na shiga ajin CI, kuma kafin shekara ta ƙare sai ka ji ana ce wa wani yaro daƙiƙi don lissafi ya gagare shi. Masana sun nuna cewa akwai yaran da ƙwaƙwalwarsu ke wahalar kama lambobi alhali hankalinsu lafiya lau. Bulala ba ta gyara wannan.

Ga alama: yaro ɗan shekara 6 ya ƙirga ɗaya zuwa goma da baki, amma ka ce ya ba ka gyaɗa biyar, sai ya damƙo hannu guda. Ya haddace sunayen lambobi, bai gane yawan da suke nufi ba.

Me ke jawo haka? Wani gado ne, wani kuwa daga lafiya yake. Tamowa cikin kwana 1000 na farkon rayuwa, rashin gishiri mai iyod ga mai ciki, da zazzaɓin cizon sauro mai kai yaro ga suma, duk suna taɓa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa muke cewa a ba jariri nono zalla wata 6, kuma kar a tsallake maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa da damina ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5.

Sai harshe. A kasuwa faran 100 dala ashirin ce, a lakwal mushe ya ce «cent». Yaron da bai kama ƙirga da Hausa ba, Faransanci zai ƙara dagula masa.

Me za mu yi? Mu ƙirga awaki tare da shi da marece yana taɓa kowace. A ba shi tsakuwa ya yi tari biyu, a tambaye shi wanne ya fi yawa. Ya ƙirga tiyar hatsi da uwarsa. Ku da ke waje, in kun bugo waya, ku ce ya ƙirga muku kajin gida. In aka kai ƙarshen CP bai motsa ba, a gana da malaminsa, a kai shi likita a duba ido da kunne.