Lazarus: Manhajar da 'yan sa-kai ke yi wa talla

Ka tambayi matasan da ke koyon rubuta manhaja ko sun san Lazarus, da wuya ka samu mai ɗaga hannu. Alhali tun 1999 aka fara aikinta.

Lazarus kayan aiki ne na ƙera manhajoji da yaren Pascal, kuma ta dogara ne kan Free Pascal, wanda Bajamushe Florian Klämpfl ya faro. Mutum zai rubuta manhajar lissafin shago ko ta ƙididdigar kayan sito sau ɗaya, sannan ya fitar da ita don Windows da Linux da macOS. Kyauta ce, kuma lasisinta bai hana ka sayar da abin da ka ƙera ba.

To me ya hana ta yin suna? Ba ta da kamfani a bayanta kamar takwararta Delphi, wadda Embarcadero ke sayarwa. Ga kuma kallon tsohon yayi da ake yi wa Pascal.

Shi ya sa tallar ta rataya a wuyan 'yan sa-kai. Wasu na ɗora bidiyon koyarwa a YouTube, wasu na fassara manhajar zuwa harsunansu. Aikin da ya fi gundura shi ne amsa wa sabon shiga tambayar da aka sha amsawa, amma wanda ya kasa girka ta a ranar farko ba kasafai yake dawowa ba. Idan masu amfani suka ragu, masu gyara kurakurai ma za su ragu, kuma ƙananan kamfanonin da suka gina manhajar lissafinsu da ita ne za su ji a jikinsu.