Masu Kwaikwayon Kayan Silima: Wasan Yara Da Ya Zama Aikin Manya

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya tashi a garin da ke da gidan silima ya san abin da yara kan yi kashegarin daren da aka nuna fim mai daɗi. Wani ya sassaƙa bindigar kaboyi da icce, wani ya yanka kwali ya yi hula, wani kuwa ya sami gawayi ya zana jarumin fim a jikin bango, har mai gida ya fito da bulala. A wurinmu da yaro ya tasa sai ya bar wannan, a ce ya yi hankali.

To, a Amurka da Turai da Japan akwai dubban magidanta, har da masu furfura, waɗanda ba su bari ba. Za ka ga likita ko direba ko malamin makaranta, in ya tashi daga aiki sai ya shige wata 'yar rumfa a bayan gida, ya yi wata shida yana ƙera takobi ko kwalkwalin da ya gani a fim. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda zai biya shi. Waɗannan mutane kashi biyu ne. Akwai masu zane, wato waɗanda ke zana jaruman da suke so. Akwai kuma masu ƙira, waɗanda burinsu shi ne su yi abin da in aka ajiye shi kusa da na ainihi ba za a bambance ba.

Asalin abin

Wannan sha'awa ta daɗe. Cikin shekarar 1939 aka yi taron farko na duniya na masu son labaran ƙagen kimiyya a birnin New York. Wani saurayi, Forrest Ackerman, da abokiyarsa Myrtle Douglas suka zo sanye da tufafin da ita ta ɗinka bisa kwaikwayon wani fim. Daga nan al'adar ta kama. Cikin 1967 masu son wasan talabijin ɗin nan Star Trek suka fara buga wata 'yar mujalla tasu ta kansu mai suna Spockanalia, suna cika ta da zane-zane da labarai.

A Japan abin ya fi haka ƙasaita. Cikin 1975 aka buɗe wata kasuwa a Tokyo mai suna Comiket, inda masu zane ke baje littattafan da suka zana da hannunsu. Ran farko mutane wajen 700 suka zo. A zaman da aka yi cikin Disamba 2019, an ƙidaya shigar mutum 750,000 cikin kwana huɗu.

Takobi daga kayan gwangwan

Babu fim ɗin da ya haifi maƙera kamar Star Wars, wato Yaƙin Taurari, wanda George Lucas ya fitar cikin 1977. Dalilin kuwa zai ba 'yan'uwanmu 'yan gwangwan dariya. Lokacin da ake shirya fim ɗin a Ingila kuɗi sun yi ƙaranci, saboda haka mai ƙawata dandali, Roger Christian, ya shiga bin tsofaffin kaya. A wani kantin kayan hoto a Landan ya tarar da mariƙin fitilar tsohuwar kyamara samfurin Graflex. Ya manna mata 'yan sandunan roba, ya ƙara wani ɓangare na injin lissafi, shi ke nan takobin haske na jarumin fim ya samu. Takobin dattijon malaminsa kuwa an harhaɗa shi ne da wani ƙarfe na injin jirgin sama, da jikin tsohuwar gurneti, da kan famfo. Bindigar Han Solo tsohuwar Mauser ce ta Jamus aka yi wa kwaskwarima. Wannan aiki ya sa Christian ya sami lambar Oscar cikin 1978.

Da masu sha'awa suka gane haka, sai farauta ta tashi. Suka riƙa tsayar da fim suna duba hoto ɗaya ɗaya, suna gardama a kan ko wannan kusa ta wane inji ce. Mariƙin Graflex da a da ba mai kallonsa ya koma kayan nema, har masu tara tsofaffin kyamarori suna kuka an ƙarar musu da shi. Abin da wani ya zubar, shi wani ke nema ido rufe.

Wani dalili kuma shi ne tsada. Kayan ainihi sun fi ƙarfin talaka. Cikin 2013 an yi gwanjon gunkin shaho na fim ɗin The Maltese Falcon a kan fiye da dala miliyan 4. Cikin 2023 wani ɗan ƙaramin jirgin yaƙi na Star Wars, wanda mutum zai rungume da hannu biyu, ya haura dala miliyan 3. Jajayen takalman da Judy Garland ta sa a The Wizard of Oz kuwa, waɗanda aka sace cikin 2005 aka gano cikin 2018, an buga musu ƙararrawa a kan dala miliyan 28 cikin Disamba 2024. Wanda ba shi da wannan kuɗi, yana kuma son abin a ɗakinsa, sai ya naɗe hannun riga.

Yadda ake aikin

Aikin yana farawa da awo. Maƙeri zai tara hotuna, ya nemi wani abu a ciki wanda ya san girmansa, kamar tafin hannun ɗan wasa, ya yi lissafin sauran da shi. Daga nan sai ya sassaƙa samfur da icce ko yumɓu.

In sulke ne ko kwalkwali, sai a gasa fallen roba har ya yi laushi, a kifa shi a kan samfurin, inji ya zuƙe iskar da ke tsakani, robar ta lafe ta ɗauki siffa. In ƙaramin abu ne, sai a yi masa mazubi da roba mai taushi, a zuba wani ruwan ƙaro wanda ke daskarewa. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam ya ga irin dabarar, sai dai su da ƙasa suke nasu mazubin. Masu ƙaramin ƙarfi kan yi amfani da soson tabarmar motsa jiki, su yanka da aska, su lanƙwasa da zafi, su haɗa da gam. Yanzu kuma akwai na'urar da ke karɓar zane daga kwamfuta ta gina abu da narkakkiyar roba, hawa bisa hawa.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne tsufar da kaya. Bayan an yi fenti abu ya fito fes, sai maƙeri ya koma yana ɓata shi da gangan. Ya shafa baƙin fenti ya goge, ya kankare gefe-gefe, ya sa alamar tsatsa a inda ruwa zai kwanta, don a ga kamar kayan sun sha yaƙi. Sabon abu fil ba ya kama da na fim.

Rundunar da ba ta yaƙi

Cikin 1997 wani mutumin Karolina ta Kudu a Amurka, Albin Johnson, da abokinsa suka kafa ƙungiyar masu sa farin sulken dakarun Star Wars, suka kira ta Runduna ta 501. Ta bazu ƙasashe da yawa, 'ya'yanta sun wuce 10,000. Ba a karɓar mutum sai an duba sulkensa an ga ya yi daidai da na fim. Ba sa karɓar lada in an gayyace su, sai dai su ce a ba da kuɗin sadaka. Asibitocin yara suna cikin wuraren da suka fi zuwa.

Cikin 1999 wani mutumin Ostireliya, Dave Everett, ya kafa ƙungiyar masu ƙera ɗan mutum-mutumin nan R2-D2. Da 'yar Albin Johnson ta kamu da ciwon daji a ƙwaƙwalwa, 'yan wannan ƙungiya suka tashi ƙera mata nata mai ruwan hoda, don ya riƙa tsaron gadonta. Allah ya yi mata rasuwa cikin 2005 tana da shekara bakwai, kafin a gama. Duk da haka suka ƙarasa shi, aka riƙa kai shi gaishe da yara marasa lafiya.

Wasa kuma ya kai wasu ga abinci. A wani taro da aka yi a Essen ta Jamus cikin 2013, shugabar kamfanin Lucasfilm ta lokacin, Kathleen Kennedy, ta ga aikin Turawan Ingila biyu, Lee Towersey da Oliver Steeples. Aka ɗauke su aiki, su suka ƙera R2-D2 na fim ɗin da ya fito cikin 2015. Haka kuma da dakaru suka yi wa masu shirya The Mandalorian ƙaranci, 'yan Runduna ta 501 aka kira, suka zo da sulkensu na gida.

Inda doka ta tsaya

Sai dai fa kowane fim yana da mai shi. Muddin mutum ya ƙera don kansa, kamfanoni kan kau da kai. In ya fara sayarwa, magana ta sake. Andrew Ainsworth shi ne ya ƙera kwalkwali hamsin na farko cikin 1976. Da ya shiga sayar da sababbi, Lucasfilm ya kai shi ƙara a Kalifoniya, kotu ta yanke masa biyan dala miliyan 20 cikin 2006. Shari'a ta koma Ingila, inda Kotun Ƙoli cikin 2011 ta ce kwalkwalin kayan aiki ne, bai shiga cikin sassaƙar fasaha ba, saboda haka wa'adin kare shi ya ƙare a can. Amma a Amurka hanya ta toshe masa. In wanda ya ƙera na ainihi ya sha shekara bakwai yana hawa da sauka a kotu, ina ga mai kwaikwayo? Ban da wannan akwai 'yan damfara masu sayar da na kwaikwayo da sunan na ainihi, abin da ya sa masu gaskiya kan sa alamarsu a cikin kayan.

Mu ma ba baƙi ba ne

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwo na Turawa ne kaɗai. Cikin 1958 Jean Rouch ya yi fim a kan 'yan ci-ranin Nijar a unguwar Treichville ta Abijan, samari masu dako da leburanci waɗanda suka laƙaba wa kansu sunayen jaruman silima. Wanda ake kira Edward G. Robinson a cikinsu shi ne Oumarou Ganda, wanda daga baya ya zama mai shirya fim, har ya ci babbar lambar bikin Wagadugu cikin 1972. A Gana kuwa, zamanin da ake yawo da bidiyo ƙauye ƙauye, masu zane sun riƙa zana tallar fim da fenti a kan buhunan fulawa. Yau Turawa na saye suna ratayawa a gidajen tarihi.

A nan Ikko, yaran nan na Ikorodu sun yi suna da kwaikwayon tallar manyan finafinai da baro da bokiti da kwali. Cikin 2020 kamfanin Netflix ya aiko musu da kayan aiki. A Kaduna wasu samari da ke kiran kansu The Critics sun fara da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, labarinsu ya bazu cikin 2019, har J.J. Abrams, wanda ya shirya wancan fim na 2015, ya aiko musu da kyamarori. Tun 2012 kuma aka fara taron masu zane da masu irin wannan shiga a Ikko.

Gargaɗi ga iyaye

Cikin 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi wani fim wanda ya kamata mu tuna. Saurayi ya komo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Da suka sa huluna suka rataya bindigogi, sai suka ɗauka da gaske ne, suka shiga satar dawaki suna tayar wa gari da hankali, har aka yi asarar rai.

Bindigar wasa ba ta da rubutu a goshi. A Amurka tun 1988 doka ta ce a sa jan baki mai ruwan lemo a bindigogin wasa. Duk da haka cikin 2014 ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 12 a Cleveland yana riƙe da irin wannan bindiga wadda aka cire wa alamar. Mu da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Fatakwal mun san yadda shingen 'yan sanda yake da dare, mun kuma san yadda ihun ɓarawo ke ƙarewa ga baƙo. Kada a bar yaro ya fita titi da abin da ya yi kama da bindiga. Kakin soja ma doka ta hana farar hula sa shi. Ruwan ƙaro da fentin feshi suna cutar da huhu, kada a yi aikinsu a rufaffen ɗaki.

In an kiyaye wannan, to, yaron da ke tsince-tsincen gwangwani da waya yana harhaɗa jirgi, a sassauta masa bulala. Awo yake koya, da haƙuri, da sanin halin ƙarfe da roba, abin da kafinta da mai walda da tela da injiniya duk suke ci da shi. A tsaya masa kan karatu, in ya taso daga makaranta kuma a kai shi wurin wani mai sana'a a unguwa ya ga yadda ake riƙe kayan aiki. Da ma Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya.